Yadda Ake Feshin Kayan Katako da Injin Tabain

Kafinta yana iya shafe mako uku yana yanka da gyara da haɗa gado da wadirob, amma ranar da iyayen amarya suka zo ganin kaya, fuskar katakon ce idonsu zai fara sauka a kai, santsinta kuma shi ne hannunsu zai fara nema. Idan fentin ya zubo a gefen ƙofa, ko sheƙin ya yi gurji-gurji, babu wanda zai tsaya yabon ƙarfin haɗin da ke ciki. Wannan ne ya sa masu sana'ar da dama suka ajiye burushi suka koma feshi, kuma a cikin injunan feshi akwai wani nau'i da ya dace ƙwarai da ƙaramin shago, wato injin tabain.

Tabain akwati ne da bai fi batirin mota girma da yawa ba, wanda a cikinsa mota mai aiki da lantarki take juya fankoki da aka jera ɗaya bayan ɗaya, irin tsarin injin zuƙe ƙura, sai dai a nan iskar da yake turowa ake buƙata. Iskar tana bi ta tiyo mai faɗi, wanda tsawonsa yakan kai mita 7 ko 8, ta isa bindigar feshi. A jikin irin waɗannan injuna za ka ga an rubuta HVLP, ma'ana iska mai yawa amma marar matsi, domin ƙarfinta a bakin bindiga ba ya wuce psi 10 (psi ma'aunin matsin iska ne), alhali bindigar kwamfaresa ta gargajiya tana aiki da psi 40 zuwa 60. Amfanin wannan sassaucin shi ne ruwan fenti yana sauka a kan katako a hankali ya zauna, maimakon ya bugi katakon ya tashi ya cika shago da hazo. Hukumomin kula da tsabtar iska a jihar Kalifoniya ta Amurka sun daɗe da kafa sharaɗin cewa aƙalla kashi 65 cikin 100 na abin da aka fesa ya sauka a kan aikin, kuma wannan tsari yana cikin waɗanda suka amince da su, yayin da a tsohuwar bindiga fiye da rabin gwangwani yakan tafi a iska. Ga wanda ya san kuɗin galan ɗin fenti a yau, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Ƙari a kan haka, tabain ba shi da tanki kuma ba ya shan mai, saboda haka ba ya turo ruwa ko maiƙo cikin tiyo kamar yadda kwamfaresa take yi da damina.

Sai dai akwai abu guda da ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga farko, domin duk sauran bayanin a kansa ya ginu. Mai kwamfaresa idan ya ga fenti ya yi kauri, murɗa makunni yake yi ya ƙara iska. Mai tabain ba shi da wannan damar, domin iya ƙarfin da injin ya zo da shi daga kamfani ke nan, ana iya rage shi amma ba a iya ƙara shi. Don haka ruwan fentin ne ake daidaitawa ya dace da injin, ta hanyar tsinka shi da zaɓen bakin bindigar da ya dace da shi, kuma mafi yawan waɗanda na ji suna kushe tabain, da za a bincika, kaurin ruwa ne ya kayar da su.

Kafin a sayi injin

Ana gane ƙarfin tabain ne da yawan fankokin da ke cikinsa. Mai fanka biyu yana iya fesa rini da ruwa marar kauri, amma yana wahala da abin da ya wuce haka. Mai uku yana bayar da kusan psi 6, wanda ya isa sila (shimfiɗar farko mai toshe fuskar katako) da selulos (ruwan sheƙi mai saurin bushewa), mai huɗu kuma yana kaiwa psi 8 zuwa 9, kuma shi nake ba kafinta shawara ya nema idan da hali, domin yana ɗaukar fenti mai ɗan nauyi ba tare da an tsinka shi har ya rasa jiki ba. Cikin kamfanonin da aka sani da ƙera shi akwai Fuji na Kanada da Apollo na Amurka da Wagner na Jamus da Earlex na Ingila.

Wanda zai sayi na hannu ya karanta farantin da ke jikin akwatin da kyau. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka ko Kanada yana aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa bolt 220 zuwa 230 ce, kuma jona shi kai tsaye ba tare da taransifoma mai sauke wuta ba yana ƙone motar nan take. Haka nan manyan injunan suna jan wat 1,000 zuwa 1,500, wanda ke nufin ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauke su ba. A nemi wanda ya kai kVA 2.5 ko sama, domin idan wuta ta yi rauni iska ma tana rauni, feshin kuma sai ya canza a tsakiyar aiki.

Shirya katako da wurin aiki

Feshi ba ya rufe aibi, tona shi yake yi. Layin da sanfefa ta bari, da ɗigon gam da aka manta a kusurwa, duk za su fito fili da zarar sheƙi ya hau. A fara gugar da sanfefa mai lamba 120, a bi da 150 ko 180, a ƙare da 220, kullum ana bin tsawon jijiyar katako, sannan a kakkaɓe ƙurar a share da tsumma mai tsabta. Madaci yana da ƙananan ramuka a fuskarsa, don haka wanda yake son sheƙi kamar madubi sai ya cike su tukuna, in ba haka ba zai yi ta zuba ruwa suna shanyewa. Katakon loko da na tik suna da maiƙo na halitta, ana share su da tsumma mai ɗan tina, wato sinadarin tsinka fenti, jim kaɗan kafin feshi domin ruwan ya kama. Gefen allon MDF kuwa, wato allon da ake yi da garin katako da aka matse, yana shan ruwa kamar soso, shi ya sa ake ba shi sila sau biyu ko uku ana gogewa kafin a taɓa fuskar allon.

A kwance duk abin da yake kwantuwa. A cire ƙofofi da durowa da hannuwa da hinji, a shimfiɗa ƙofofin a kwance a kan benci, domin ruwa ba ya zubowa a kan abin da ke kwance kamar yadda yake yi a kan abin da ke tsaye. Idan bayan wadirob yana ciruwa a cire shi, saboda iskar da aka tura cikin akwati rufaffe tana dawowa da busasshen feshi ta watsa a bangon ciki.

Shi kansa akwatin tabain a ajiye shi nesa, iya tsawon tiyo, a bayan mai feshi, a ɗora shi a kan kujera ko benci maimakon ƙasa. Dalili biyu ne: yana zuƙar duk abin da ke yawo a iska, wanda ke toshe matatarsa, sannan motarsa tana fitar da ƙananan tartsatsi a ciki, tururin tina kuma ba ya buƙatar fiye da haka ya kama da wuta. Janareta ma a fitar da shi waje, kuma kada a bari kowa ya sha taba ko ya hura gawayi a kusa. Game da numfashi, ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare tururin tina ko kaɗan. Abin da ake buƙata shi ne takunkumin roba mai matata biyu na gawayi, waɗanda aka yi domin tururin sinadari. Al'adar nan ta shan madarar gwangwani bayan feshi wai don ta wanke ƙirji, ciki madarar take zuwa, tururin kuwa huhu ya shiga, ba za su haɗu ba.

Daidaita ruwa da bakin bindiga

A nan ne aikin yake. Wasu injunan suna zuwa da wani ɗan kofi mai huda a ƙasa, wanda ake kira Ford 4, mai cin mililita 100. Ana nutsa shi cikin ruwan fenti a ɗago, a fara ƙirga lokaci da agogon waya har zuwa sanda zaren ruwan da ke zuba ya fara tsinkewa. Ruwan sha yana ƙarewa cikin sakan 10 ko 11. Sila da selulos, wato wanda ake rubuta lacquer a gwangwaninsa, suna fesuwa da kyau a tsakanin sakan 18 zuwa 22, banish da foliyuretan, ruwan sheƙi masu jinkirin bushewa, kuma a tsakanin 20 zuwa 25. Idan ya wuce haka sai a ƙara abin tsinkawa kaɗan-kaɗan, a motsa sosai, a sake gwadawa, kuma a rubuta adadin da ya yi daidai a jikin bango ko a littafi domin gobe. Selulos yakan ci tina mai yawa, wani lokaci har rabi da rabi, amma ruwan fentin da aka haɗa da ruwan sha tun daga kamfani ba ya jure tsinkawar da ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100, saboda haka idan ya ƙi fesuwa, bakin bindiga ake canzawa. Kowane ruwa da abin tsinka shi, kuma bayanin yana jikin gwangwani. Tinan awo da ake sayarwa a gora, wanda ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, yana iya ɓata galan guda na selulos mai kyau, kuma araha ba ta ado.

Allurar bindiga da bakin da take shiga da hular iska mai rufe bakin suna zuwa ne a haɗe, kowane saiti da lambarsa. Mai milimita 0.8 zuwa 1.0 na rini ne da shelak (wani ruwan sheƙi marar kauri), mai 1.3 shi ne na yau da kullum domin sila da selulos da yawancin ruwa marar launi, mai 1.5 zuwa 1.8 na fenti mai jiki da farar shimfiɗar farko, mai 2.0 kuma na fenti mai kauri sosai. Kada a haɗa allurar wani saiti da bakin wani. Sannan duk ruwan da zai shiga kofin bindiga a tace shi, ko da yanzu aka buɗe gwangwanin, da matatar takarda ko da tsohuwar safar mata ta nailan, domin ɗan ɓawo guda ya isa ya sa bindiga ta riƙa tofi.

Gwaji a kan kwali

Hular iska tana da ƙaho biyu. Idan ƙahonin suna dama da hagu, feshin yana fitowa a tsaye, wanda ya dace da tafiyar hannu daga gefe zuwa gefe. Idan aka juya su sama da ƙasa, feshin yana fitowa a kwance, domin tafiya daga sama zuwa ƙasa. A bayan bindiga akwai noti mai taƙaita yawan ruwa: a rufe shi ƙarshe, sannan a buɗe shi zagaye ɗaya da rabi ko biyu a fara daga nan. A jingina kwali a bango, a tsaya a nisan taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, a danna kunama na ɗan lokaci a saki. Abin da ake so a gani shi ne tabo dogo mai siffar ƙwai, wanda ruwansa ya yi daidai daga sama har ƙasa, gefensa kuma da ɗigo masu laushi kamar raɓa. Idan ɗigon sun yi manya, ruwan ya yi kauri ko notin ya buɗu da yawa. Idan tabon ya karkace kamar jinjirin wata, ɗaya daga cikin hudojin ƙahon ya toshe. Bayan kwali, a gwada a kan guntun katako irin na aikin, wanda aka goge kamar yadda aka goge aikin, domin launin da ke kan kwali ba shi ne zai fito a kan madaci ba.

Tafiyar hannu

Bindiga tana fuskantar katako sak, kuma nisan nan na taƙi guda ba ya canzawa daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi shi ne lanƙwasa wuyan hannu, ya riƙa kaɗa bindigar kamar mai fifita, sai tsakiyar allo ta jiƙe ta zubo, gefuna kuma su bushe. Wuyan hannu a ƙame yake zama, kafaɗa da jiki ne suke tafiya. Ana fara motsi a wajen allon, a danna kunama kafin a shiga, a sake ta bayan an fita, kuma kowane sabon layi yana rufe rabin wanda ya gabace shi. A fara da gefuna huɗu, sannan a zo fuska, a soma daga ɓangaren da ke kusa da kai ana yin gaba, ta yadda hazon da ya faɗa a gaba layi mai zuwa zai rufe shi. Tiyon a rataye shi a kafaɗa ko a riƙe shi da ɗaya hannun, domin ba abin da ya kai ciwon ganin ya ja jiki a kan allon da aka gama.

Saurin tafiya ido ne yake koyar da shi. A sa fitila a can gefe, ƙasa-ƙasa, ta yadda haskenta zai kwanta a kan allon, sai a riƙa kallon inda ruwan yake sauka: ana so ya jiƙe ya yi ƙyalli ya haɗe, amma kada ya taru. Tabain yana fitar da ruwa a hankali fiye da bindigar kwamfaresa, saboda haka wanda ya saba da waccan sai ya rage sauri. Mai bindigar da kofinta yake ƙasa kuma ya kiyayi kifa ta da yawa, domin akwai ɗan siririn tiyo mai kai iska cikin kofin, wanda idan fenti ya shige shi ya bushe, ruwa zai daina fitowa alhali injin yana ta ruri.

Shimfiɗa uku ko huɗu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri kyau da ƙarko. Ana fara da sila, idan ta bushe a goge ta da sanfefa 320 har ta yi laushi ta fitar da farin gari, a share, sannan a hau da ruwan sheƙi, ana ɗan gogewa da 320 ko 400 a tsakani. Selulos yana bushewa cikin minti 20 zuwa 30, kuma kowace shimfiɗa tana narkewa cikin ta ƙasa. Foliyuretan mai mai yana buƙatar kwana, kuma dole a karce shi kafin a ƙara, domin ba ya narkewa cikin na ƙasa. Kada a ɗora selulos a kan banish, tinan zai cinye shi ya yamutse, kuma kada a sa foliyuretan a kan silar selulos, domin sau da yawa yana ɓarewa daga baya.

Yanayi

Iskar tabain tana fitowa da ɗumi, kuma a ƙasar da zafin Maris zuwa Mayu yake haura digiri 40 wannan yana da tasiri. Tinan yana bushewa tun kafin ɗigon su isa katako, sai fuskar ta yi kaushi kamar an watsa yashi, ko ta yi gurji irin na ɓawon lemu. Maganin shi ne a yi feshin da sanyin safiya, a ɗan matso da bindiga, a ƙara tina mai jinkirin bushewa, idan kuma da ƙarin tiyo a jona, domin iskar tana hucewa a hanya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasa, a rataya leda a ƙofa da taga ta ɓangaren da iska ke shigowa ba tare da an toshe mafitar tururi ba, kuma kada kowa ya yi shara ko guga a ranar.

Damina tana da nata salon, kuma ni a kan teburin madaci na koye shi. Wata rana ce a watan Agusta, an kwana ana ruwa, na ga gari ya waye da sanyi na ɗauka ranar feshi ce. Shimfiɗa ta biyu ta hau lafiya tana ƙyalli, amma kafin in ajiye bindiga sai na ga wani fari-fari yana tasowa daga tsakiya yana yaɗuwa, kamar an zuba madara a ƙarƙashin gilashi, har jan madacin ya dushe. Abin da ya faru shi ne tina mai saurin tashi ya sanyaya fuskar katakon, laimar iska ta zauna a kai, selulos ya rufe ta a ciki. Na kusa ɗaukar sanfefa in kankare komai, sai wani dattijo a sana'ar ya ce in dakata har rana ta ɗaga. Da azahar na fesa ɗan siririn selulos da aka tsinka sosai da tina mai jinkirin bushewa, ya narkar da saman, laimar ta fita, launin ya dawo. Tun daga ranar ba na fesa selulos da safiyar da aka kwana ana ruwa.

Idan ruwa ya zubo ya yi hawaye, kada a taɓa shi yana ɗanye. A bari ya bushe sosai, a shafe shi da reza ko sanfefa a kan ɗan katako, a sake fesawa. Idan kuma ƙananan ramuka masu kama da idon kifi suka bayyana, maiƙo ne ko man goge kaya ya taɓa katakon, kuma sai an goge wurin an wanke shi da tina kafin ruwa ya zauna.

Wanke bindiga da fitar da kaya

Da zarar an gama, a juye ragowar ruwan, a zuba abin tsinka shi a kofi, a girgiza, a fesa a cikin gwangwani har ya fito garau. Sannan a cire hular iska, a ja kunama baya kafin a kwance bakin domin kada a ji wa tsinin allura, a jiƙa su a tina a wanke da ɗan burushi. Hudojin ana buɗe su da tsinken sakace, ba da waya ko ƙusa ba, domin huda da ta faɗaɗa ko da kaɗan ta ɓata siffar feshin har abada. Gangar bindigar ba a nutsa ta cikin tina, saboda robobin da ke ciki suna lalacewa. A duba ɗan tiyon kofi, a kuma ciro matatun soso na jikin akwatin a kakkaɓe ko a wanke, a bari su bushe sarai kafin a mayar, domin da iskar da take zuƙa ne motar take hucewa, kuma toshewar matata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ta. Tsummokaran da suka sha banish ko mai a baza su a waje su bushe, kada a dunƙule su a kwandon shara, domin suna iya yin zafi su kama wuta da kansu.

Bushewar da yatsa yake ji ba ita ce ƙarshen taurin ruwa ba. Selulos yana son kwana biyu ko uku kafin a haɗa ƙofofi a ɗaura hannuwa, foliyuretan kuma yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, don haka a gaya wa mai kaya kada ya ɗora abu mai zafi ko mai nauyi a kai a wannan tsakani. Ranar lodi, a sa tsofaffin barguna ko zannuwa masu laushi tsakanin allo da allo maimakon leda, wadda takan manne a sabon sheƙi idan rana ta buge ta a bayan mota, kuma duk inda igiya za ta bi a kare kusurwar da kwali.